Ranar Da Muka Mayar Wa Teku Kifinta

Duk Juma'a da yamma ina ganinku kuna wucewa a kan babura, fatsa a saɓe, wai za ku dam. Ku dawo da 'yan karfasa a cikin leda, kuna cewa ai su ba aiki ba ne, hutu ne mai riba. Ɗaya daga cikinku ma ya nuna mini wani mutum a waya, zaune cikin ƙaramin jirgi a teku, ya miƙe ƙafa yana jan kifi yana dariya. Ya ce, "Baba Garba, ashe daɗi kuka je kuka sha a kudu." Ban ba shi amsa ba, don ranar bayana yana ciwo, amsar kuma doguwa ce. Ga ta nan yanzu, wanda ya ga dama ya karanta.

Ni ba ɗan masunta ba ne. A wani ƙauye gabas da Zakirai aka haife ni, inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, babu jejin da akuya za ta ɓata a ciki. Ruwan da na sani shi ne na rijiya, sai na kududdufin da muke haƙar ƙasar gini. Shekarun fari ne suka kore mu. Damina ta zo ta wuce, gero ya fitar da kai ya bushe a tsaye. Muka cinye na rumbu, muka koma kan dusa, muka koma kan tafasa da yaɗiya, mata suka shiga tonon gidan tururuwa. Daga ƙarshe muka ci iri. Wanda bai yi noma ba ba zai ji nauyin wannan maganar ba. Iri shi ne zangarniyar da ake zaɓa a rataye a saman ɗaki, ko yaro zai kwana yana kuka ba a taɓa ta. Mu mun sauke mun daka.

Tare da Ɗanladi na tafi cin rani. Maƙwabcina ne, gonarsa tana jikin tawa, ya ɗan girme ni, shi ya sa nake ce masa Yaya. Iyayensa Maguzawa ne, shi kuma ya shiga coci. Ƙaton mutum ne mai ƙarancin magana, kuma duk yankinmu ba a gama shuka kafin shi. Na bar mahaifiyata da matata, ya bar matarsa da 'ya'ya, muka hau motar shanu muka yi kudu. Abu ɗaya muka fita nema: abin da zai sayi iri, mu dawo da shi kafin ruwan shuka ya sauka.

Dako muka fara a kasuwa, amma 'yan dako irinmu sun fi kayan yawa. Sai wani ya kai mu wani ƙauyen masunta a kan yashin bakin teku, cikin itatuwan kwakwa, wurin wani tsoho da ake kira Baba Senu. 'Ya'yansa sun tafi birni, ya rasa masu tuƙi. Yana jin Hausa kaɗan, wadda ya tsinta a bakin fataken goro. Ya dubi kafaɗun Ɗanladi, ya dubi nawa, ya tambaya ko mun iya iyo. Muka ce a'a. Ya ce ba komai, a wurin da za mu je iyo ma ba ya ceton kowa.

Jirginsa kwalekwale ne na gungume ɗaya, an ƙara masa katako a gefe. Kayan aikin ba su da yawa: filafili uku na tuƙi, taru mai dalma a ƙasa da guntayen itace marasa nauyi a sama don ya tsaya a cikin ruwa kamar danga, dutse ɗaure da igiya na tsayar da jirgi, da ƙwaryar kwalfe ruwa. Sai wata ƙusa da ya buga a jikin jirgin ta waje, ƙasa kaɗan da baki. Ranar farko ya kama hannuna ya ɗora a kanta. Ya ce, "Mala, in ruwa ya taɓa wannan, kaya ya isa. Ko zinariya ce a taru, a bar ta." Kowane Bahaushe Mala ne a wurinsa, har Ɗanladi mai zuwa coci.

Koyon aikin ya ci mu. Makonni muka yi muna amai, da abinci a ciki ko babu. Fitarmu ta farko ƙishirwa ta kama Ɗanladi, ya sa hannu ya kamfaci ruwan teku ya kurɓa. Ya tofar, ya dube ni ya ce, "Garba, wannan ruwan duk yawansa na banza ne." Igiyar taru ta tsattsaga mana tafin hannu, mu da muke taƙama da kantar garma, gishiri kuma ya riƙa shiga tsagar kullum, ba ta samun damar warkewa. Sallar azahar a zaune nake yin ta, jirgi yana juya ni, in fara ina duban gabas in sallame ina duban inda Allah ya so.

Abin da ya fi wuyar shiga kanmu shi ne ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Bayan ƙauyen akwai wani makeken ruwa kwantacce, a nan ake ajiye jirage. Tsakaninsa da teku akwai mashiga, wani wuri matsattse mai tudun yashi a ƙarƙashi. Wani lokaci teku ta cika ta turo ruwa ciki, wani lokaci ta janye, ruwan ciki ya biyo ta da gudu. In yana fita, sai ya yi karo da raƙuman ruwan da ke shigowa, mashigar ta tashi tsaye. Don haka ba gajiyarka ce take tashinka daga aiki ba, ba kuma rana ba. Ruwa ne, kuma ba ya jiran ka ƙarasa kunya kamar yadda magariba take jiran manomi.

Masu sayen kifi mata ne. Suna tsaye a bakin yashi da manyan kwanoni tun kafin jirgi ya taɓa ƙasa. Su ɗaga kunnen kifi su duba, su latsa cikinsa da yatsa, su taɓe baki, ko da yanzu ya daina motsi. Ban taɓa jin ɗaya ta ce kifi ya yi kyau ba. Rabo kuwa a ƙasa ake yin sa, a gaban kowa: kason jirgi, kason taru, sannan kason kowane mai tuƙi. Namu matar Baba Senu take yi mana banda, muna tarawa a kwando. Mun ji an ce bandar wani ƙaramin kifi da ake kira shawa tana da daraja a kasuwannin arewa, kwando mai kyau zai kai mutum gida ya kuma cika masa buhun iri.

To, ashe ita ma teku tana da nata farin. A shekarar kifi ya ƙi zuwa gaɓa. Mu fita da asuba, mu shimfiɗa taru, mu jira, mu ja, sai ciyawar ruwa da 'yan kaguwa. Ɗan abin da aka samu a ci, na kwando bai ko rufe gindinsa ba. Har bazara ta shiga, hadari ya fara haɗuwa a kudu. Mutanen ƙauyen ba su damu da ruwan sama ba, mu kuwa kowane ɗigo a ƙirji yake sauka mana. Mun san in ya fara a nan, yana kan hanyar zuwa gida, mu kuma ba mu da ko ƙwaya ɗaya ta sawa a rami. Ɗanladi ya daina ma 'yar maganar da yake yi. In an yi ruwa sai ya ɗebi jiƙaƙƙen yashi ya dunƙule a hannu, ya sake.

Ranar da nake son ba ku labari, mun fita gari bai gama wayewa ba, muka bi ruwa mai fita ya kai mu waje. Ba mu yi nisa ba, muna hangen kan itatuwan kwakwa. Baba Senu yana baya, ni a tsakiya, Ɗanladi a gaba. Muka yi ta yawo har hantsi ya yi zafi, ba komai. Na riga na sallama ranar, ina tunanin garin rogon da za mu jiƙa. Sai tsohon ya ɗaga filafili ya ce mu tsaya. Ya nuna wani wuri da fuskar ruwan ta yi duhu tana yatsina, tsuntsaye suna faɗawa a kai. Ya yi mana nuni mu zagaye wurin.

Muka zagaya a hankali muna sakin taru, muka daki jikin jirgi da filafili don kifin ya firgita ya faɗa. Da muka fara ja, sai taru ya ƙi zuwa. Na zaci dutse ya kama. Ɗanladi ya kafa ƙafa ya ja, sai ga shawa, kowane ido na taru da kifi a ciki, suna ta ƙyalli. Tunda nake ban taɓa ganin abinci mai yawa haka a wuri ɗaya ba. Muka shiga cira muna jefawa a cikin jirgi, ƙaya tana sukar mu ba mu ji. Kifi ya rufe idon sawu, ya kai ƙwauri. Ɗanladi har waƙa ya fara, irin ta gayya, da muryarsa mai kama da ta jaki.

Can Baba Senu ya leƙa gefe ya ce, "Ya isa." Ruwa ya taɓa ƙusa. Amma kusan rabin tarun yana cikin ruwa, cike. Abin da masunci yake yi a nan shi ne ya jawo sauran tarun yana kakkaɓe kifin a waje. Mu kuma manoma ne da yunwa ta koro. A garinmu in an gama girbi sai an bi gona an yi kala, in ƙwayar hatsi ta faɗi a tsakar gida sai an tsince ta, yaro kuwa in ya zubar da tuwo sai ya sha duka. Ɗanladi ya ce, "Baba, ɗan wannan kawai." Ya ci gaba da cira. Tsohon ya yi faɗa da yarensu, ya yi da Hausa, amma shi ma gidansa an daɗe ba a ga irin wannan ba, faɗan nasa bai yi ƙarfi ba. Kafin tarun ya gama shigowa, ƙusa ta nutse, ba a ko ganin ta.

Wannan ɗan ƙarin ya cinye mana lokaci. Da muka juya, jirgin ya yi nauyi, kowane tuƙi kamar ana jan shi baya. Iska ta taso daga teku, sama ta yi baƙi ta wajen kudu. Tun daga nesa muka ji rurin mashiga. Ruwan da ya cika muna can ya riga ya juya, ya fara fita. Na ga farin kumfa ya tare bakin daga wannan gefe zuwa wancan. Jira kuma ba zai yiwu ba, don hadari yana bayanmu, jirgin da bakinsa ya kusa shafar ruwa ba ya kwana a waje.

Baba Senu ya ce, "Mala, zuba."

Ban gane ba. Na ɗauki ƙwarya na fara kwalfe ruwa.

Ya daka mini tsawa. "Ba ruwa ba! Kifi! Zuba shi waje!"

Ɗanladi ya waiwayo. Ya ajiye filafili, ya durƙusa a kan kifin ya baza hannuwa. Ya ce, "Wallahi ba mai taɓa shi." Shi da ba ya rantsuwa irin tamu.

Na cika ƙwarya da kifi zan watsar, ya cafke mini wuyan hannu. Ya ce, "Garba, kai da kake salla? Abinci za ka zubar? Wannan fa irinmu ne. Ka manta abin da muka baro a gida?"

Na ce, "Ban manta ba, Yaya. In mun nutse a nan, wa zai kai musu?"

Bai sake ni ba. Sai wani raƙumin ruwa ya zo ta gefe, ba ma babba ba, ya tsallako ya zauna mana a cinya. Jirgin ya yi luu, ya tsaya yana shawara ko ya tashi ko ya tafi ƙasa. Tsohon ya yi magana a hankali wannan karon. Ya ce, "Na gaba in ya zo, shi ke nan."

Ɗanladi ya sake ni. Ya fara zubarwa, amma ku ji yadda ya yi. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka, yana duba su, yana zaɓen ƙanana yana jefawa, manyan yana turawa gefe, kamar mai zaɓen zangarniya a bakin rumbu. Baba Senu yana ihu, "Kar ka zaɓa! Kar ka zaɓa!" Ni ina watsawa da ƙwarya, in kwalfe ruwa, in koma kan kifi. Daga baya na ga Ɗanladi ya sa hannu biyu har ƙirji, yana runguma yana turawa waje, fuskarsa a juye don kada ya gani. Kifin da ya riga ya mutu ya bazu a kan ruwa ya yi fari, tsuntsaye suka sauko a kai. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau kuma yana yi. Muka yi ta zuba har ƙusa ta fito, tsohon ya ce a ƙara, muka ƙara, sai da ta tashi sama da ruwa da kamar faɗin hannu.

Tsallake mashigar ba zan iya ba ku shi daki-daki ba. Na san dai tsohon ya tsayar da mu yana duban baya, yana barin manyan raƙuman su wuce ta ƙarƙashinmu. Da ya ga wanda yake so, ya ce mu tuƙa, muka tuƙa har na ji wani abu ya tsinke a bayana, ciwon da nake fama da shi yanzu ke nan. Ruwa ya ɗaga mu ya ruga da mu, jirgin ya karkace, Ɗanladi ya danna filafili ya miƙar da shi. Sai kawai muka ga kanmu a kwantaccen ruwa, ruwan sama ya fara sauka. Ba wanda ya yi murna. Matan suna bakin yashi da kwanoninsu, ɗaya ta ɗaga kunnen kifi ta ce ya sha rana.

Aka yi rabo, aka yi banda. Da muka haɗa kasona da na Ɗanladi da ɗan abin da ke kwando, sai ya zama zai kai mutum ɗaya gida ya sayi irin gona biyu, in an yi tsimi. Mutum biyu kuwa in suka hau mota, irin zai ragu. Da abin da muka zubar yana nan, da mu duka mun tafi har da tsaraba. Kowa a cikinmu ya san haka.

Ɗanladi ne ya yanke maganar. Muna zaune a gindin kwakwa, ya ce, "Ni ba zan ƙara shiga jirgin nan ba, Garba. Ko za a yanka ni. Ba tsoro ba ne. Ba zan iya sake yin abin da na yi jiya ba."

Na ce, "To ka tafi. Dama ka fi ni saurin sungumi. Ka shuka taka, ka shuka tawa."

Haka aka yi. Na ɗora masa kwando a ka, na raka shi inda ake hawa mota, na koma na ɗauki filafilinsa na zauna a gaba. Daminar nan duk a kan ruwa na yi ta, ba labarin gida, ba wanda zan yi Hausa da shi sai tsohon da kalmominsa ba su fi na ciniki da faɗa ba.

Sai bayan kaka na samu na dawo. Daga titi na ratso ta gonaki, don in gani da idona kafin kowa ya faɗa mini. Gonata tana nan da karan gero a tsaye, an yanke kai. Ba a yi albarka sosai ba, amma an samu. Ta Ɗanladi kuwa, da ke jikinta, fili ce fetal, ko kara ɗaya babu.

Mahaifiyata ce ta ba ni labari. Ya iso da iri, aka yi ruwan shuka mai kyau sau ɗaya. Da gari ya waye ya ɗauki sungumi, matarsa da tawa suna bin sa da ƙwaryar iri, ya shiga gonata. Sai da ya gama ta tas sannan ya koma tasa, lokacin rana ta riga ta shanye danshin. Ya shuka duk da haka. Ruwa ya ɗauke. Nawa da ya samu laima ya kafa saiwa ya jure, nasa ya tsiro ya ƙone. Da ruwa ya dawo, babu sauran irin da za a maimaita.

Na same shi a ƙofar gida yana tufka igiya, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Muka gaisa, ya tambayi Baba Senu. Na ce, "Yaya, me ya sa ba ka fara da taka ba? Kai ke da yara."

Ya ci gaba da tufkarsa. Ya ce, "Na ga wurin da na baro ka. In na fara da tawa, da wane ido zan dube ka?"

Washegari na buɗe rumbu, muka raba damman gida biyu. Bai yi gardama ba, don yaransa suna tsaye suna kallo. Muka fara ware na iri muka rataye, nasa da nawa. Abin da ya rage kowa ya duba ya san ba zai kai gida ɗaya damina ba, balle biyu. Don haka ban yi wata guda a gida ba na naɗe tabarmata. Ɗanladi ya ce zai kula da gidajen, ni kuma na koma wurin tsohon da jirginsa. Na ce rani ɗaya zan ƙara. Sai da furfura ta fito mini sannan na daina zuwa.